Ni Dai Ba Zan Sayi Wayar Da Ba Ta Da Gurbin Memori Ba

Shin ka lura manyan wayoyi sun daina zuwa da wurin saka memori? iPhone dama tun asali ba ta da shi. Samsung ta cire shi a Galaxy S6 a 2015, mutane suka yi ca, ta dawo da shi a S7, sannan ta sake cire shi a S21 a 2021.

Wai ka ajiye komai a intanet. To, da wace data? Google 15GB kawai yake ba ka kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos duk a ciki suke rabawa. Da ya cika, sai biyan kuɗi. Ga shi in sabis ya ɗauke, hotunanka ma sai ka jira.

Memori kuwa naka ne. Ka je wajen masu turi a zuba maka fina-finai ko karatu, ka kalla ba ko sisi na data. Waya ta faɗa ruwa? Sau da yawa kana zare shi za ka samu hotunan biki da na suna suna nan.

Amma fa shi ma yana lalacewa, kuma jabu ya cika kasuwa. Za ka ga an rubuta 64GB, kana zuba kaya su ɓace. Don haka ka sayi mai kyau, abin da ba ka son rasawa kuma ka ajiye shi wuri biyu.

Kafin ka biya kuɗin sabuwar waya, zaro mazubin sim ɗin ka duba da idonka.