Taki da ruwan rijiya: Haɗarin da ke ɓoye a jinin jarirai

A duk lokacin da rani ya kama, maganar da ke bakin manoman Kura da Bunkure a jihar Kano ita ce tsadar taki. Ba kasafai ake tambayar inda ragowar takin ke tafiya ba, bayan shinkafa da tumatir sun ɗebi rabonsu.

Yankin dai yana cikin shirin noman rani na Kogin Kano, wanda ke samun ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974. Ana noma damina da rani, ana zuba yuriya da NPK. Wani kaso na abin da shuka ba ta sha ba yakan rikiɗe ya zama sinadarin naitiret, wanda ruwa ke gangarawa da shi ƙarƙashin ƙasa, inda rijiyoyi marasa zurfi ke samun ruwansu.

Haɗarin kuwa a cikin jini yake bayyana.

Hemogulobin, wato sinadarin da ke dakon iskar oksijin a jini, yana da gurabe huɗu, kowanne da ƙwayar ƙarfe. Guraben ba sa aiki daban-daban. Da zarar ɗaya ya kama iskar, sai sinadarin ya sauya siffa, sauran su kama cikin sauƙi. Idan jinin ya isa tsoka, ɗaya ya saki, sai sauran su bi sahu. Wannan haɗin kai ne masana uku, Monod da Wyman da Changeux, suka yi wa bayani a 1965, kuma a kan irin wannan tsari ne wasu inzayim, wato sinadaran da ke gaggauta ayyukan jiki, suke tafiya.

A cikin jariri, ƙwayoyin halitta kan mayar da naitiret zuwa naitirait, shi kuma ya lalata ƙarfen wasu guraben. Ɓarnar ta zama biyu: gurbin da ya lalace ba ya ɗaukar iska, sannan masu lafiyan da ke maƙwabtaka da shi suna riƙe tasu gam, su ƙi saki. Leɓe da farce su yi shuɗi-shuɗi. Jarirai 'yan ƙasa da wata uku ne suka fi shiga haɗari, domin inzayim ɗin da ke gyara ƙarfen bai gama ƙarfi a jikinsu ba. Tun a 1945 wani likita, Hunter Comly, ya alaƙanta cutar da ruwan rijiya a jihar Iowa ta Amurka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 50 na naitiret a kowace lita ta ruwan sha. Sai dai sinadarin ba shi da launi ko wari, kuma tafasa ruwa, shawarar da aka saba bai wa iyaye mata, ba ta kawar da shi. Ƙara masa yawa ma take yi yayin da tururi ke fita.

Shayar da nonon uwa zalla har wata shida na kare jariri matuƙa. Amma sanin wace rijiya ce ta haura ƙa'ida sai da awo, kuma wannan nauyi ne da ya fi dacewa da hukumomin ruwa da na lafiya, ba manomi ba.