Kafin addu'a, a buɗe littafin bashi

In an ambaci ɗariƙun Katolika, yawancinmu limaman coci da matan zuhudu marasa aure muke tunawa. Amma akwai wani rukuni da ba a cika sani ba: magidanta, ƴan kasuwa da ma'aikata, masu mata da ƴaƴa, waɗanda ke bin tafarkin waliyyi Faransuwa na Asizi, mutumin Italiya, suna zaune cikin gidajensu.

Ƙa'idarsu ta shekarar 1221 ita ce ta ja hankalina. Kafin a karɓi mutum, wajibi ne ya mayar da dukiyar wani da ke hannunsa, ya shirya da waɗanda suka ɓata, bayan shigarsa kuma ya rubuta wasiyya cikin wata 3. Ku duba fa, ɗan kasuwa mai tauye mudu tun bakin ƙofa zai tsaya.

Paparoma Paul na 6 ya sabunta ƙa'idar a 1978. Yau mai neman shiga yakan share aƙalla shekara guda yana koyon Linjila da tarihin ɗariƙar, sannan ya ɗauki alkawari a bainar jama'a. Da yawansu kan yi addu'ar safe da ta maraice daga Zabura, wadda aka rarraba bisa mako 4.

A ganina nan wuyar take. Mai zaman zuhudu ƙararrawa ke kiransa. Ma'aikacin da ya taso daga biro a gajiye, ga kukan yara ga baƙi, shi kaɗai zai tuna wa kansa lokaci ya yi.