Tabarmar Laraba: A ba ta bashin asusu ta je kallo?

  

Maganar wannan karo wata magatakardar ƙungiya ce daga wajen Gazawa ta aiko mini da ita. Ta ce in faɗi ra'ayina, don abin ya raba musu kai har an tashi zama ba a rufe akwati da daɗin rai ba.

Wata ƴar ƙungiyarsu ce, yarinya mai ƙoƙari, mai tuyar ƙosai, ba ta taɓa fashin zubi ba, ta nemi bashin jikka 30. Da shugaba ta tambaye ta sana'ar da za ta sa kuɗin, ba ta ɓoye ba. Ta ce ita da maigidanta ke son hawa motonsa su tsallaka Najeriya, su ga Katsina, su wuce Daura kallon Sallar Gani, su sha ruwan rijiyar Kusugu. Sai wuri ya ɗauki hayaniya. Wata dattijuwa ta ce mata: "Ke ɗiyata, mu da munka shekara ashirin muna zubi, ba mu taɓa jin an ci bashi don kallo ba." Wata kuma ta ce ai kuɗinta ne a ciki, in za ta biya ina ruwan wani da abin da za ta yi da su.

To, amsata biyu ce. Kada a ba ta bashin. Amma ta je.

Tun da tsarin Mata Masu Dubara ya soma a jihar nan tamu ta Maraɗi a 1991, abin da ya riƙe shi shi ne kuɗi ya fita ya yi aiki ya dawo da ɗansa. Mai sayen gyaɗa ta yi ƙuli-ƙuli, mai kiwon tunkiya, mai ajiye wake har ya yi tsada, kowace ta san inda biyan zai fito. Tafiyar kallo ba ta haihuwa. A yawancin ƙungiyoyinmu ana ɗora kashi 10 cikin 100 a wata. Jikka 30 a wata uku ta zama jikka 39. Ƙosai nawa za ta toya kafin ta fid da jikka 9 ɗin nan ta sama, bayan uwar kuɗin da ta riga ta ƙone a mai da abinci da tsaraba?

Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna, kuma na san wasunku za su gane kansu a ciki. Moton na maigida ne, tafiyar ta mutum biyu ce, amma sunan da za a rubuta a littafin bashi nata ne ita kaɗai. Ranar biya ba shi zai zauna bisa tabarma gaban mata ashirin da biyar ba. Mun sha gani: an ɗauki bashi da sunan mace, rabi ya tafi wajen sauya taya da sarƙa, an dawo, maigida ya ce sai an sayar da hatsi. Ba ina zargin mijin yarinyar nan ba ne, ban san shi ba, wataƙila mutumin kirki ne. Amma in tafiyar ta su biyu ce, to aljihu biyu za su buɗe. Shi ya ɗauki gyaran moto da mai, ita ta ɗauki guzuri da tsaraba, ko yadda suka sasanta.

Dubarar kuwa mai sauƙi ce. Sallar Gani a watan Mauludi ake yin ta, akwai sauran lokaci. In ta ware dala 150 kowane mako, ban da zubinta, cikin mako 40 jikka 30 ta cika cif, babu ko dala da za ta ɗora wa wani. Ko kuma ta jira ranar rabon asusu ta cire daga kasonta. Wannan haƙƙinta ne, ba mai tambayar ta.

Yanzu ga masu cewa tafiyar ma shashanci ce, ku saurare ni, don ni ma na yi ta.

A 2018, da sanyi ya fara shigowa, bayan mun sayar da wake, maigida ya ɗauke ni bisa Kasea ɗinsa. Muka bar Agye da asuba, muka bi Cadawa, muka karya a Maraɗi, muka miƙe Ɗan Isa, muka tsallaka ta Jibiya, la'asar ta yi mana a Katsina. Shekarunmu goma sha huɗu da aure a lokacin, amma ban taɓa yin wuni guda cur da shi ba babu yara, babu uwar miji, babu mai sallama a ƙofa. Hirar da muka yi a inuwar wata bedi muna jiran inji ya huce, ba mu taɓa yin irinta a gida ba. A nan ne ma na fara jin ainihin bashin da ke kansa, shi ma ya ji nawa nake da shi a asusu.

A Katsina muka tsaya gindin hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai hawa-hawa da ake danganta shi da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Muka leƙa Ƙofar Soro. Abin da ya taɓa ni shi ne tuna cewa daga birnin nan sarakunan Katsina na dā suka fito bayan jihadi, zuriyarsu ta kafa Maraɗi, shi ya sa har yau ake cewa Katsinar Maraɗi. Ku mutanen Gidan Rumji kun san irin wannan labari, tunda Gobirawa ma haka suka kafa Tsibiri. Ana ce mana mun fita ƙasar waje, amma wata tsohuwa mai sayar da fura da ta ji maganata sai ta ce: "Ke ai ƴar gida ce." Kuɗi ne kawai suka sauya launi.

Washegari muka nufi Daura. Rijiyar Kusugu tana cikin gini, ana jawo ruwa a ba baƙo ya sha. Tun ina ƙarama nake jin labarin Bayajidda da macijin da ba ya bari a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Da na leƙa, sai na ga rijiya ce kamar ta garinmu. Na yi dariya, na sha, na cika gora na kawo wa uwar mijina, kuma wallahi ta fi murna da gorar nan a kan atamfar da na sayo mata. Muka dawo ta Kwangwalam da Matamai, muka hau babban titi a Takeita, muka bi Tasawa da Gazawa zuwa gida. Kwana huɗu.

Amma ba zan yi muku ƙarya ba, waccan hanya ba ita ce ta yau ba. Tun 2019 ƴan uwanmu na Gidan Rumji ke karɓar ƴan gudun hijira da ƴan bindiga suka koro daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, kuma yankin Jibiya da Madarumfa ya sha fama da masu satar mutane. Iyaka ma ba ta da tabbas: Najeriya ta rufe ta a Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa a Agustan 2023, sai a Maris na 2024 aka buɗe. Nijar kuma ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025. Don haka kada a dogara da labarin wanda ya je shekara biyar da suka wuce, ko da ni ce. A je tasha a tambayi direban da ya dawo jiya. Kowa ya riƙe katin shaidarsa, takardun moto su cika. A fita bayan gari ya waye, a sauka kafin magariba, a bi babban titi, ban da yanke ta daji wai don a rage hanya. In direbobi sun ce hanya ba ta da kyau, a fasa. Daga Gazawa ma ba dole sai an bi Jibiya ba, ana iya zuwa Daura ta Matamai a dawo ta nan.

Kada kuma maigida ya yi lissafi da man Najeriya mai araha na dā. Tun da aka cire tallafi a 2023 wannan ya wuce. Canjin sefa zuwa naira kuwa, a yi kaɗan-kaɗan, a ƙirga a gaban mai canji. Mu mun canza da yawa, muka dawo da saura, muka yi asara wajen mayarwa.

Sai maganar zane da hijabi, wadda maza ba sa tunawa. Kusa da Mashi bakin hijabina ya shiga ƙafar baya. Ji na yi an fizge ni ta wuya. Allah Ya taimaka muna tafiya a hankali saboda ramuka, hijabin ya yage, na tsira da ƙujewa a gwiwa. Da gudu muke, da wata ce ke rubuta muku wannan shafi. Ki tattare hijabinki ki zauna a kansa, ki sa wando a ƙarƙashin zane, ki kula da salansa kada ta ƙone miki ƙafa. Hular kwano biyu za a saya, ba ɗaya ba, ko da za a yi muku dariya a tasha. Mai ciki kuwa ta haƙura sai ta sauka, kuma ba a yin doguwar tafiya irin wannan da goyo.

Na ce wa magatakarda ta karanta wannan a zamansu na gaba, yarinyar tana wurin. In ƙungiya ta yarda, ma'ajiya ta ɗinka mata ƴar jaka daban a cikin akwati, a rubuta dala 150 ɗinta kowace Laraba a shafi na musamman. Na ji ma wai mata biyu sun riga sun ce a ɗinka tasu, ɗaya Zinder take son zuwa ganin fadar Sarkin Damagaram.

Wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba maganar ajiyar wake a buhu mai ruɓi uku. Masu tambaya su ba wa magatakardarsu ta aiko.