Sabis Ɗin Ƙauye: Matsalar Tana Bayan Turke

Daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Minjibir zuwa Ɗambatta da Makoɗa, da wuya matafiyi ya yi nisa bai hango gida ko gona ba. Tun shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin karkarar Kano, ya nuna tana cikin yankunan noma mafi cunkoso a Afirka ta Yamma. Saboda haka uzurin da aka saba bayarwa, wai jama'ar ƙauye a warwatse suke, kai musu sadarwa asara ce, ba ya karɓuwa a nan. Mutane na nan, ciniki na nan. Me ya sa sabis ke ɗaukewa yini guda?

Yawancinmu turke muke zargi, domin shi ido ke gani. Amma turke ƙofa ce kawai. Saƙon da ya bar wayar manomi yakan bi wayar fayiba ko iska zuwa wata matattara, inda saƙonnin turaku da yawa ke haɗuwa. A can akwai na'urar da injiniyoyi ke kira rawuta ta bakin iyaka. Aikinta kamar na ɗan kamasho ne a tasha: ta duba adireshin kowane ƙunshin bayani, ta san wanda ya nufi banki da wanda ya nufi WhatsApp, ta gabatar da kiran murya a kan bidiyo idan hanya ta cushe, ta sa kowa a motarsa.

Irin wadda ake ƙera wa kamfanonin sadarwa, kamar na Cisco da Juniper da Nokia da Huawei, tana da hanyar wuta biyu da ƙwaƙwalwa biyu, ɗaya na jiran ɗaya. Mizanin da ake nema shi ne aiki kashi 99.999 cikin 100, wato tsayawar da ba ta wuce kimanin minti 5 ba a shekara. Idan waya ta katse, tana iya karkatar da saƙonni cikin ƙiftawar ido. Sai dai akwai sharaɗi: dole a sami hanya ta biyu. Nakan gaya wa ɗalibaina cewa rawuta mai tsadar miliyoyi a kan waya ɗaya tilo ingarman doki ne a ɗaure a turke. Cikin birane ana shimfiɗa fayiba kamar zobe, idan an yanke gabas a bi ta yamma. Ƙauye kuwa sau da yawa reshe ɗaya yake rataye a kai. Katafila ta tono shi a wurin aikin titi, ko a sace batir, ko dizal ya ƙare, shi ke nan gari ya yi shiru.

Wannan shirun yana da farashi. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tura hatta mai sayar da awaki ga taransifa da masu POS. Yau dillalin da ke jiran kuɗin masara daga Dawanau, da ɗalibin da ke rajistar JAMB, da mai neman mota da tsakar dare don matar da naƙuda ta kama, duk a kan na'urar nan suka dogara ba su sani ba. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Mutumin Kunchi na biyan abin da mutumin Legas ke biya. Ya cancanci inganci iri ɗaya.

Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi a birane suka ɗanɗana abin da ƙauye ya saba da shi. Darasin ɗaya ne: mai hanya ɗaya yana tare da haɗari.

Shawarata uku ce. Ta farko, Gwamnatin Jihar Kano ta wajabta binne bututun fayiba a duk sabon titin karkara, kuma ɗan kwangila ya tuntuɓi kamfanoni kafin ya fara tono. Naira 145 a kowace mita da gwamnoni suka amince da ita a matsayin kuɗin izinin shimfiɗa waya ta zama iyaka, a ma sassauta ta ga ƙananan hukumomin karkara. Ta biyu, tunda a 2024 Shugaba Tinubu ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, hakimai da dagatai su ɗauki tsaronsu kamar tsaron rijiyar gari. Ta uku, NCC ta riƙa wallafa sa'o'in da sabis ya ɗauke a kowace ƙaramar hukuma, kamfani bayan kamfani, domin jimillar jiha tana ɓoye halin da ƙauye ke ciki.

Idan 'yan majalisarmu suka zo taron mazaɓa, kada tambayar ta tsaya ga yawan turaku. A tambaye su: garin nan, hanyar fayiba nawa ke shigowa cikinsa?