Kalmar "Undulate" da Tarkon Igiyar Ruwa a Fassara

Kwanakin baya wata takardar darasin labarin ƙasa da aka fassara daga Ingilishi ta faɗo hannuna. A cikinta an bayyana shimfiɗar ƙasar Kano da cewa "fili ne mai igiyar ruwa". Wanda ya san hanyar Kano zuwa Katsina zai tsaya ya tambaya: ina ruwan yake? Abin da marubucin asali ya ce shi ne "undulating plain", wato filin da ke hawa yana gangarawa a hankali, tudu na bin kwari, babu tsauni, babu rami mai zurfi. Mai fassara ya bi tushen kalmar, ya baro ma'anarta a baya.

Tushen kuwa ba a ɓoye yake ba. "Undulate" ta samo asali daga "unda" ta Latin, wadda ke nufin igiyar ruwa. To amma mai magana da Ingilishi a yau ba lallai ya tuna da kogi ko teku ba idan ya furta ta. Abin da ya saura a cikinta siffar motsi ce: lanƙwasa mai laushi, mai maimaita kanta, wadda ba ta da fizga. Yana faɗinta ga gonar alkama da iska ke kaɗawa, ga tafiyar maciji, ga muryar da ke ɗagawa tana sauka, har ga ƙasar da ba ta motsi ko kaɗan, idon mai kallo ne kawai ke hawa da sauka a kanta.

Ra'ayina shi ne, neman kalmar Hausa guda ɗaya da za ta ɗauke duk wannan nauyi ɓata lokaci ne, kuma tauye Hausa ne. Inda Ingilishi ya dunƙule, Hausa ta rarrabe. Gero yakan yi rausaya, mai rawa ya yi rangaji, tuta ta kaɗa, maciji ya yi ta lanƙwashe-lanƙwashe, ƙasa kuma ta kasance tudu da kwari. Ko shi kansa motsin ruwan, Bahaushe bai tsaya ga igiya ba, ya ce raƙuman ruwa. Ina ganin wannan ta fi kama hoton abin, domin wanda ya taɓa hango ayari daga nesa, tozo na bin tozo, ya riga ya fahimci abin da Bature ke nufi ba tare da buɗe ƙamus ba.

Masu fafutukar daidaita keɓaɓɓun kalmomi za su ce wannan sakaci ne, kuma suna da hujja. Aikin da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 kan keɓaɓɓun kalmomin harshe da adabi ya nuna amfanin a tsayar da kalma ɗaya ga ma'ana ɗaya a cikin fanni. Na yarda da haka a kimiyya. Ra'in nan da Christiaan Huygens ya wallafa a 1690, cewa haske na tafiya ne tamkar igiyar ruwa, wanda Thomas Young ya ƙarfafa a farkon ƙarni na 19, an daɗe ana kiransa "undulatory theory". Ɗalibin fiziya ba zai iya da rausaya yau, rangaji gobe ba. Dole a zaɓa masa guda a tsaya a kanta. Sai dai daidaitawar cikin fanni ɗaya ce, ba ta ƙetare zuwa wani ba.

Dubi likitanci. Cutar da David Bruce ya gano ƙwayarta a tsibirin Malta a 1887, wadda ake ɗauka daga ɗanyar madara da dabbobin da suka kamu, ana kiranta "undulant fever" saboda zafin jikin majiyyaci yakan tashi na kwanaki, ya lafa, ya sake dawowa. Makiyayanmu sun san ta a jikin shanu da sunan bakkale. Idan ma'aikacin lafiya ya ce wa makiyayi yana fama da "zazzaɓin igiyar ruwa", me ya gaya masa? Watakila ma ya koma gida yana zargin rijiya, alhali matsalar tana cikin ƙwaryar madarar da ba a tafasa ba. Zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, shi ne zancen da zai gane.

Muna da abin koyi a gida. Ma'aikatan rediyo na farko da suka ci karo da "short wave" ba su ce gajeriyar igiyar ruwa ba. Sun lura cewa abin da ake aunawa tazara ce, sai suka ɗauko zango daga bakin fatake, suka ce gajeren zango da matsakaicin zango. Kalmar ta zauna daram, har yau ba a jin baƙuntarta. Irin tambayar da suka yi wa kansu ce mai fassarar takardar nan ya tsallake: a wannan jimlar, mene ne ke hawa yana sauka, kuma yaya mutanen wurin ke faɗinsa?