Ƙwayar barcin da ƙawarki ta ba ki

Yau maganarmu a kan wata ɗabi'a ce da ta zama ruwan dare a gidajen biki da suna. Mace za ta ce ta yi sati ba ta samun barci, gabanta sai faɗuwa yake yi. Kafin ta rufe baki wata ta zuge jaka ta ɓallo mata ƙwaya biyu: "Sha wannan, ni ma ita likita ya rubuta mini." Washegari a ɗauki hoton kwalin a waya, a aiki yaro kemis. Da kyakkyawar niyya ake yi, na sani. Sai dai likitan nan ƙawarki ya duba, ke bai taɓa ganinki ba.

Rashin barci da faɗuwar gaba alamomi ne, kamar yadda zazzaɓi yake alama. Abin da ke bayansu yana iya zama ciwon damuwa, musamman wanda ke kama masu jego. Yana iya zama ƙarancin jini. Yana iya zama maƙoƙo mai aiki fiye da kima, wanda ke kawo bugun zuciya da rawar hannu da rama, gwajin jini ne kuma ke nuna shi. Akwai ma wata larurar ƙwaƙwalwa da mutum kan yi makonni cikin baƙin ciki, sannan ya juya ya yi ta zumuɗi da surutu da kashe kuɗi. Mai irin wannan idan ta sha maganin damuwa shi kaɗai, yana iya tunzura ta ta daina barci gaba ɗaya, ta yi ta maganganu, a gida a ce ai iskokinta ne suka tashi. Yaron kemis ba zai iya bambance waɗannan ta tagar shago ba.

Ƙwayar da aka fi miƙa wa juna ita ce diazepam, wadda kuka sani da Valium ko D5, da 'yar'uwarta Lexotan. A daren farko za ki yi barci kamar an ɗauke miki kaya, a nan tarkon yake. Cikin 'yan makonni jiki yake sabawa, ɗaya ta daina isa, a koma biyu. Shi ya sa ko likita ba ya son rubuta ta fiye da mako biyu zuwa huɗu. Wadda ta yi watanni tana sha kuwa, ranar da ta rasa sai rawar jiki da gumi da fargabar da ta fi ta farko, wani lokaci har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Sai ta ɗauka ciwon ne ya ƙaru, alhali ƙwayar ce ke kiranta.

Mai shayarwa ta ƙara kula. Diazepam yana bin nono, jariri ya yi laushi, ya yi ta barci, ya kasa tsotso sosai. Kuma mafi yawanmu a gado ɗaya muke kwana da jarirai. Uwar da ƙwaya ta yi wa nauyi ba za ta ji kukansa ba, ba za ta kuma san ta danne shi ba. Idan aka haɗa ta da tiramadol ko maganin tari mai kodin, numfashi ne ke raguwa a cikin barcin, wasu daga nan ba sa farkawa. Tun 2018 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi, amma duk mun san bai ɓace ba. Binciken ƙasa na wannan shekarar ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Ba sai 'yan bakin tasha ba, har cikin ɗakunanmu abin ya shigo.

Sai amitriptyline. Magani ne mai kyau mai araha idan likita ne ya tsara shi, amma idan ya yi yawa yana rikita bugun zuciya, 'yan ƙwayoyi kaɗan kuma sun isa su halaka ƙaramin yaro. Duba inda muke ajiye magani: gaban madubi, ƙarƙashin filo, cikin jakar da yara ke yi wa bincike kullum.

Magungunan damuwa ba kamar farasitamol suke ba. Sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye, kafin a ga sauƙi, kuma ana ci gaba da sha har wata shida bayan an warware. Mai sha da ka ba ta san wannan ba. Ko dai ta ga kwana biyar shiru ta ninka, ko ta ji sauƙi ta watsar, ciwo ya dawo.

Ban ga laifin mata sosai ba a wannan. Mace tana tsoron a ganta a layin likitan ƙwaƙwalwa, gobe kishiya ta yi mata gori, ko dangin miji su fara maganar karɓe 'ya'ya. Ƙwayar kemis kuwa ba ta tona asiri. Amma ki sani, ba sai kin fara da asibitin ƙwaƙwalwa ba. Ranar awon ciki ko rigakafin yaro, ki tsaya bayan layi ya ragu, ki ce wa nas: "Sista, ba na barci, kuma kuka nake yi ba dalili." Sirrinki amana ce a wuyanmu. Idan ana buƙatar ƙwararre, akwai sashen a asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano, akwai Dawanau, akwai asibitocin tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Sakkwato. Yawancin masu zuwa ganin likita suke yi su koma gida a ranar. Addu'a da ruƙiyya kuma babu likitan da zai hana ki, amma ki faɗa masa duk wani jiƙo ko gari da kike sha.

Idan kin riga kin daɗe kina shan ƙwayar, kada ki karanta wannan ki zubar da ita yau. Tsayawa farat ɗaya yana da nasa haɗarin. Ki tafi da kwalin, ki faɗi gaskiyar guda nawa kike sha da tun yaushe, a tsara miki yadda za a rage a hankali.

Abin da ba ya jiran ranar asibiti shi ne idan tunanin kashe kanki ko cutar da jariri yana zuwa miki, ko mai jego ta fara jin muryoyi tana rikicewa. Wannan a ranar ake kai ta sashen gaggawa, kuma kada a bar ta ita kaɗai da jaririn kafin a samu mota.