Sharhi: Rassan Aikin Gine-gine da Buƙatun Wurno, Rabah da Goronyo

A ƙauyukanmu idan aka ce aikin gini, hankalin mutane yakan tafi ne ga magini da leburorinsa. Alhali kuwa sana'ar tana da rassa da dama, kuma rashin bambance su yana jawo wa ƙananan hukumomi asarar kuɗi.

Reshen da kowa ya sani shi ne na gidaje, azuzuwa da ɗakunan shan magani. A nan ake samun mai buga bulo, birkila, kafinta, mai walda, mai haɗa wayar lantarki da mai fenti. Wannan reshe tsoho ne a Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar ribaɗi, inda kuma ya rasu a 1837. Magina na ƙasa da azara sun daɗe da sanin aikinsu tun kafin a fara sarrafa siminti a Kalambaina.

Reshe na biyu shi ne na injiniyoyi: hanyoyi, gadoji, kwalbatoci da madatsun ruwa. Madatsar ruwa ta Goronyo da ke kan gulbin Rima, wadda aka kammala a 1984, tana iya riƙe ruwa kyubik mita miliyan 942, kuma Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke kula da ita. Ambaliyar watan Satumba na 2010, wadda ta cinye gidaje da gonaki a Goronyo da maƙwabtanta, ta nuna cewa ginin fadama ba ɗaya yake da na tudu ba. Ɗan kwangilar da ya ƙware wajen gina aji ba lalle ne ya iya kwalbatin da zai jure ruwan Agusta ba, domin wannan yana buƙatar awon ƙasa da lissafin ƙarfin ruwa.

Akwai kuma waɗanda ba a cika ganinsu a wurin aiki ba, wato safiyo, mai zanen gini da mai ƙididdige kuɗin kaya. Su ne ake fara zaftarewa idan ana son rage kashe kuɗi, kuma a nan ɓarnar take somawa. Hakazalika gyara da yashe hanyoyin ban-ruwa, irin na noman shinkafa a Wurno, aiki ne mai zaman kansa da ya cancanci kaso a kasafin kuɗi.

Ya kamata shugabannin sassan ayyuka na waɗannan ƙananan hukumomi uku su riƙa neman shaidar rajistar injiniya da hukumar COREN kafin ba da kwangilar gada ko kwalbati. Haka nan a tura matasan Rabah, Wurno da Goronyo koyon safiyo da tuƙin manyan injuna a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi ko wajen ƙwararru, maimakon su tsaya ga ɗaukar kwanon kankare.